Goge bayanan ɓoye daga fayil

Bayanan ɓoye, waɗanda masana kwamfuta ke kira metadeta, su ne bayanan da waya ko kwamfuta ke liƙa wa fayil ba tare da sun fito a fuskar takarda ko hoto ba: sunan wanda ya rubuta, ranar da aka yi rubutun, irin na'urar, wani lokaci har da wurin da mutum yake tsaye. Ba da mugun nufi aka saka su ba, don da su ne waya ke jera hotuna bisa kwanan wata. Illarsu ita ce suna bin fayil duk inda aka tura shi, shi ya sa ake goge su kafin ya bar hannun mai shi.

Hotuna

Yawancin kyamarori suna bin tsarin Exif, wanda wata ƙungiyar masana'antun lantarki ta Japan ta fitar a 1995. A cikinsa ake rubuta sunan waya, ranar ɗauka da lokacinta. Idan kuma an ba kyamara izinin GPS, sai ta ƙara lambobin wurin, waɗanda sau da yawa tazararsu da ainihin wurin ba ta wuce 'yan mitoci.

Baƙon da ya ɗauki hoton masunta a Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu ba shi da abin ɓoyewa, kowa ya san inda ruwan yake. Dillalin da ya ɗauki hoton shanu a wata ruga ta gefen Tsafe ko Maru don ya nuna wa mai saye a Gusau, nasa daban ne. A yankin da satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi jama'a, hoton na iya zama kwatancen hanya ga duk wanda ya faɗa hannunsa.

Yadda aka tura hoton yana da tasiri. WhatsApp yakan matse hoton da aka aika a matsayin hoto, ya zubar da bayanan Exif. Amma mutane da dama sun saba tura shi a matsayin takarda don kada ya dushe, kuma ta wannan hanya yakan isa da kayansa cif. Haka abin yake ta imel, Bluetooth, Xender ko filashi. A Disamban 2012 mujallar Vice ta wallafa hoton John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta, lokacin da 'yan sandan Belize ke nemansa. Ba a cire lambobin GPS ba, sai ga shi sun nuna yana Gwatamala.

Takardu

Takardar Word tana riƙe sunan marubuci, sunan wanda ya gyara ta a ƙarshe, adadin mintunan da aka yi ana aiki a kanta, da duk sharhi ko gyaran da ba a kammala karɓa ba. Wanda ya rubuta koke ba suna a kwamfutar ofis ya riga ya sa hannu bai sani ba. A shagunan buga takardu na Birnin Kebbi da Gusau kuwa, inda ake ɗaukar tsohuwar takarda a sauya mata suna a miƙa wa na gaba, ba abin mamaki ba ne takardar neman aiki ta fita da sunan wani daban a cikinta. Da irin wannan aka kama Dennis Rader, wanda ya kashe mutane da dama, a Kansas ta Amurka a 2005: faifan kwamfuta da ya aika wa wani gidan talabijin yana ɗauke da sunan "Dennis" da na cocinsa.

Hanyoyin gogewa

Tun daga Office 2007 Microsoft ta saka Document Inspector, wanda ke binciko waɗannan bayanai ya cire su. A Windows ana danna fayil da maɓallin dama, a shiga Properties, sannan Details, a zaɓi cire bayanan mutum. A waya, mafi sauƙi shi ne hana kyamara izinin wuri tun farko. Masu aiki da fayiloli da yawa suna amfani da manhajar ExifTool, wadda Phil Harvey ya fitar a 2003, ko manhajar mat2. Kwafi ake gogewa, a ajiye na asali, domin bayanan da ke tona asiri su ne kuma ke zama hujja in magana ta kai kotu.

Shafukan intanet masu cewa a ɗora musu fayil su wanke shi kyauta abin a yi hattara da su ne, tunda sai an miƙa musu abin da ake son ɓoyewa tukuna.

PDF ya fi wuyar sha'ani. Abin da ExifTool ya cire daga cikinsa ana iya dawo da shi, sai an sake gina fayil ɗin. Shafa baƙi a kan rubutu ma ba gogewa ba ne. A 2005 rundunar sojin Amurka ta fitar da rahoto kan kisan jami'in Italiya Nicola Calipari a Iraƙi, an rufe sunaye da baƙi, amma masu karatu suka kwafe rubutun da ke ƙarƙashi suka karanta.

A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta lissafa suna da bayanan wuri cikin bayanan mutum da ma'aikatu da kamfanoni ke da alhakin karewa.