Kasuwar Kan Ruwa ta Damnoen Saduak: Tambayoyin da Ake Yi Mini Kafin a Shiga Kwalekwale

Duk wanda ya taɓa zuwa Bankok, babban birnin Tailan, sarin kaya ya ga hoton nan, ko a filin jirgi, ko a teburin karɓar baƙi na otal, ko a maƙale a bayan kujerar tasi: tsohuwa da malafa a ka, zaune cikin ɗan kwalekwale shaƙe da ayaba da kwakwa, ga wasu kwalekwalen sun kewaye ta. Yawancin mutanenmu daga kasuwar tufafi ta Pratunam sai masauki, daga masauki sai wajen auna kaya, har su dawo ba su ga wurin ba, wato kasuwar kan ruwa ta Damnoen Saduak. Tun da na je na dawo ake tare ni da tambayoyi, ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Wai ina kasuwar take, kuma me ya kai ta kan ruwa?

Tana lardin Ratchaburi, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Bankok, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu a mota idan hanya ta yi kyau. Ruwan da take kai ba kogi ba ne, haƙa shi aka yi. Sarki Mongkut, wanda ake kira Rama na Huɗu, shi ya ba da umarni, aka fara aikin a 1866 aka gama a 1868, da ƙarfin hannu, kuma leburori 'yan asalin Sin na cikin waɗanda suka sha wuyarsa. Tsawonsa kilomita 32, miƙe sambal kamar an ja zare, ya haɗa kogin Tha Chin da kogin Mae Klong. Sunan ma yana nufin tafiya cikin sauƙi.

Da ruwa ya samu, sai manoma suka bi gefensa suka zauna, kowa ya haƙa ɗan reshe zuwa gonarsa, har rassan suka kai kusan 200. Babu titi a lokacin. Mai kwakwa a kwalekwale zai fito, mai gishiri a kwalekwale, mai neman cefane ma haka. Inda suka haɗu, nan kasuwa ta ci.

To har yanzu kasuwar gaske ce, ko dai don baƙi ake yi?

Gara in faɗa maka tun yanzu: don baƙi ake yi. Da titi ya shiga yankin, mutanen gari suka koma cefane a tudu kamar kowa. Wadda ake kai mutane yau ta kafu ne wajen 1981, bayan an yi hanya zuwa bakin ruwan, 'yan kasuwa masu filaye suka kakkafa rumfuna da tashoshin jirage. Rabin abin da za ka gani a gefen ruwa tsaraba ce irin wadda ke ko'ina a Bankok: wando mai zanen giwa, mafici, jakunkuna, maganin shafawa.

Sai dai ban yarda da masu cewa wurin duk ƙarya ne ba. Matan da ke tuƙa kwalekwalen 'yan yankin ne, da yawansu sun manyanta, kuma hannunsu a filafili ba na koyo ba ne. Gonakin kwakwa da inabi da ke bayan kasuwar suna nan ana nomawa. Gidajen katako da ke tsaye kan dirkoki a cikin ruwa da mutane a cikinsu, ga shanya, ga tukwanen furanni, ga kare kwance a matakala. Wannan ɓangaren shi ne abin zuwa gani, kuma ba kowane jirgi ke kai ka can ba.

Yaya yinin yake kasancewa idan da jagora aka tafi?

Mota takan zo masauki tsakanin ƙarfe 6 da 7 na safe, wato ana idar da asuba ka shirya. A bi babban titin Rama na Biyu, a wuce gonakin gishiri na Samut Sakhon da Samut Songkhram, inda a lokacin rani za ka ga gishiri tsibi-tsibi fari tas. Sau da yawa akan tsaya a inda ake dafa sukarin kwakwa. Kada ka raina wannan tsayawar. Furen kwakwa ake yankawa a tari ruwan da ke ɗiga, a zuba a manyan kasake a yi ta dafawa har ya yi kauri, a zuba shi dunƙule-dunƙule ya daskare. Wanda ya san mazarƙwaila ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Daga nan sai bakin ruwa. Yawanci a saka ku a jirgi mai inji ya kai ku kusa da kasuwa, sannan wanda yake so ya koma kwalekwalen filafili. Kafin ƙarfe 2 ko 3 na rana an dawo da ku Bankok. Abu ɗaya za ka tabbatar kafin ka biya: kuɗin da aka yanka maka, da na kwalekwalen filafili a ciki ko babu? Sau da yawa babu, sai an isa za a faɗa maka.

Me ya sa kake ta nanata na filafili? Ai mai inji ya fi sauri.

Ya fi sauri, kuma matsalarsa ke nan. Mai injin nan, wanda suke kira ruea hang yao, wato jirgi mai doguwar jela, injin mota ne sukutum aka ɗora a bayansa, aka jona masa dogon ƙarfe mai farfela a ƙarshe. Idan ya tashi, ba ka jin maganar na kusa da kai. Hayaƙi na bin fuska, ruwa na fantsama, kuma ruwan nan ba wanda za ka so ya taɓa leɓenka ba ne. A buɗaɗɗiyar hanya yana da daɗi, ban musa ba. A cikin kasuwa kuwa, inda jirage ke cunkushewa kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah, ba abin da yake yi sai gurnani a wuri ɗaya.

Na filafili mutum huɗu zuwa shida yake ɗauka, a zaune ƙasa-ƙasa, gwiwa kusa da ƙirji. Wadda ta tuƙa mu tsohuwa ce siririya, ta kai sa'ar gwaggota, da shuɗiyar riga irin ta manoma da malafar ganye mai faɗin kai. Ba ta jin Turanci, mu ba ma jin nata. Idan hanya ta toshe, ba ta hayaniya. Sai ta kafa filafili a jikin jirgin da ke gaba ta ɗan tura, ta sa tafin hannu ta ture na gefe, ka ga ƙofa ta buɗe inda da babu. Da muka fita daga cunkoson ta karya kwana zuwa wani ɗan lungu, sai komai ya yi tsit. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga filafili. Itatuwan kwakwa jere a kan kunyoyi, ruwa na bi tsakaninsu. Can ta nuna mana wani abu da haɓa: ƙaton guza ne ya ɗago kai yana iyo, ya tsallake gabanmu bai ko kula mu ba. Minti goma ɗin nan su na fi tunawa a duk tafiyar.

Ni ban iya ruwa ba, kuma labarin kifewar jirage a gida ya sa ina tsoro.

Tsoronki da dalili, Hajiya, amma wannan ba kogin Neja ba ne a lokacin cikarsa. Ruwan kwance yake, hanyar ƙunci gare ta, gaɓa na kusa da hannu, kuma ba a loda mutum hamsin a jirgin mutum goma. Inda ake jin jiki shi ne wajen shiga da fita: ki taka tsakiya, ki sunkuya, ki zauna nan take, kada ki miƙe don ɗaukar hoto. Ki tattare mayafi da bakin zane kada su ja ruwa. Mafi muhimmanci, kada ki riƙe bakin jirgin da yatsu a waje, domin jirage na gugar juna kuma katako ba ya jin tausayi. Idan da yara, ki nemi rigar hana nutsewa tun kuna tudu. Mai ciwon gwiwa kuma ya sani zaman ƙasa ne na rabin awa ko fiye.

Me Musulmi zai iya ci a can?

A nan sai an buɗe ido, don alade ya ratsa girkin yankin. Abincin da kasuwar ta fi suna da shi taliyar jirgi ce, kuai tiao ruea, da ake zubawa a ƙananan kwanuka, wai tun asali don kada romo ya zube sa'ad da ake miƙawa daga kwalekwale. Ƙamshinta na kira, amma da naman alade ake yawan yin ta, kuma ko ta naman sa ce, da jini ake kaurara romon. Ka bar ta. Akwai kuma wani nama a tsinke da ake gasawa a kan garwashi, kai ka ce tsire ne. Sunansa mu ping, kuma "mu" a bakinsu alade ke nan. Ka riƙe wannan kalma ko da ita kaɗai ka koya.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Kwakwar Ratchaburi mai ƙamshi, a fasa maka ita a gabanka da sanyinta. Mangwaro da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa. Gasasshiyar ayaba. Inabi, gwanda, abarba, da wani ƙaton ɗan'uwan lemo da suke kira som o. Sai khanom khrok, wanda ya ba ni dariya da na gan shi: ƙullun shinkafa da madarar kwakwa ake zubawa a tanda mai ramuka, a juya, a haɗa biyu-biyu. Waina ce ƙarama, sai dai da zaƙi. Mai saidawa daga nata jirgin za ta miƙo maka a ɗan kwando da ke bakin doguwar sanda, ka ɗauka ka saka kuɗi ta janye.

Nama kuwa, in ba ka ga tambarin halal na majalisar Musulunci ta Tailan ba, mai rubutun Larabci a tsakiya, ka yi haƙuri har ka koma Bankok. Unguwar Nana, layin Larabawa, ba ta rasa abin ci.

Ana ciniki, ko farashi ɗaya ne?

Abinci ba a tayawa. Tsaraba kuwa, Bahaushe ba sai an koya masa ba. Masu rumfunan bakin ruwa suna da sanda mai ƙugiya da suke maƙalo jirgi su jawo shi gabansu, ko ka so ko ba ka so. Farashin farko na baƙo ne, mai shagon zai buga shi a kalkuleta ya miƙo maka ka buga naka. "Tao rai" shi ne nawa ne, "phaeng" ya yi tsada, "mai ao" ba na so. Ka faɗa da murmushi, don mutanen nan ba sa son ɗaga murya, kuma wanda ya fusata shi ya ji kunya. Ni dai shawarata, abin da za ka samu a kasuwannin Bankok irin su Pratunam ko Chatuchak kada ka saye shi a kan ruwa. Ka riƙe kuɗi a hannu, ƙananan takardun baht, wato kuɗin Tailan, na 20 da 50 da 100, saboda neman canjin 1,000 a tsakiyar ruwa neman rigima ne.

An ce ana damfarar baƙi. Ta ina?

Ta bakin ruwa. Wanda ya ɗauki tasi shi kaɗai, wani direban ba zai kai shi kasuwar ba, sai ya sauke shi a wata tashar jirage da ke nesa kaɗan inda yake karɓar la'ada, a ce masa ai ba a shiga sai ta jirgi, a yanka masa dubban baht. Ba gaskiya ba ne. Mota na zuwa har kasuwar, ana yawo a ƙafa a kan dakalin gefe da gadoji, kuma a can ciki za ka hau na filafili da kuɗi kaɗan bisa wancan. Amfanin tafiya da jagora ke nan, in an rubuta komai tun farko. Ko da jagoran ma, ka yi ciniki kana tudu: na mutum ɗaya ne ko na jirgi duka, minti nawa, kuma za a shiga lungunan gonaki ko iyakar kasuwa ce.

Za ka ga masu ɗora wa mutane mesa a wuya don hoto, da masu kiran a je hawan giwa. Kowanne da kuɗinsa daban. Ni ban tsaya ba.

Kasuwar da jirgin ƙasa ke ratsawa fa, ita ce wannan?

A'a, waccan ta Maeklong ce a Samut Songkhram, tafiyar kusan rabin awa tsakaninsu, shi ya sa ake haɗa su a yini ɗaya. 'Yan gari na kiranta Talat Rom Hup, kasuwar naɗe laima. Kifi da kayan miya a baje har kan layin dogo. Sau 8 a rana jirgi ke wucewa, huɗu shiga huɗu fita. Da an ji sanarwa sai rumfuna su naɗe, tebura masu taya su ja baya, kwandunan da ke ƙasa kuma a bar su inda suke, don an auna jirgin zai bi ta samansu. Yana wucewa kasuwa ta koma yadda take kafin ka mayar da waya aljihu. Ita kam har yau matan gari na cefane a cikinta.

Yaushe ya fi dacewa a je?

Da sassafe. Tsakanin 7 da 9 akwai sarari da sanyi-sanyi. Daga 9 manyan motocin baƙi ke sauka, kafin azahar masu kwalekwale sun fara watsewa. A shekara kuwa, Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙin zafi, Afrilu wuta ce, daga Yuni zuwa Oktoba damina. Kada ka zaɓi Juma'a, da wuya ka dawo ka riski masallaci.

Wanda safiya ba ta yi masa ba, akwai Amphawa, ba nisa da Maeklong, wadda ke ci Juma'a da Asabar da Lahadi daga yamma zuwa dare. Mutanen Tailan ɗin sun fi zuwa can, su zauna a matakalan bakin ruwa suna cin gasasshen jatan lande, in duhu ya yi a shiga jirgi a je kallon ƙwarin nan masu walƙiya a kan itatuwa. Sai dai wancan jirgin mai inji ne.