Jiyodesik tsakanin ma'aunan Kähler

A ilimin jiyometiri, jiyodesik ita ce hanya mafi miƙewa tsakanin maki biyu a kan fili mai lanƙwasa. A doron duniya, alal misali, hanya mafi gajarta daga Landan zuwa Tokiyo tana ratsawa ta arewacin Saibiriya, ko da taswirar bango ta nuna akasin haka. A jiyometirin lambobi masu sarƙaƙiya kuwa, masana sun kai wannan tambaya wani mataki: maki biyun da ake son haɗawa su kansu ma'aunai ne, wato hanyoyi biyu na auna tsawo da kusurwa a kan fili guda.

Ma'aunan da ake magana a kansu, waɗanda suka dace da tsarin lambobi masu sarƙaƙiya na filin, suna ɗauke da sunan Erich Kähler, Bajamushe, wanda ya bayyana su a 1933. A 1987 Toshiki Mabuchi na Japan ya nuna cewa idan aka tara duk ma'aunan Kähler na aji ɗaya (wato rukunin da suka yi tarayya a wasu adadi na filin baki ɗaya) a kan rufaffen fili, tarin nasu ma fili ne, mai fuskoki marasa iyaka, kuma ana iya auna tazara a cikinsa. Stephen Semmes a 1992, sai Simon Donaldson a 1999, suka gano cewa neman jiyodesik a wannan fili daidai yake da warware wani nau'in lissafin Monge-Ampère, wato lissafin da ya shafi ƙimar sauyi ta biyu ta amsar da ake nema. Nau'in yana da wuyar sha'ani, domin ƙa'idojin da aka saba dogara da su wajen tabbatar da santsin amsa ba sa aiki a kansa.

Donaldson ya yi hasashen cewa kowane ma'aunai biyu akwai jiyodesik mai santsi tsakaninsu. Santsi a nan na nufin za a iya ɗaukar ƙimar sauyin amsar sau nawa aka ga dama ba tare da ta karye ba. Dalilinsa mai ƙarfi ne: akwai wani adadi, makamashin Mabuchi, wanda yake lanƙwasa sama a kan jiyodesik, kuma wannan zai tabbatar da cewa ma'auni mai lanƙwasa bai-ɗaya, irin wanda Eugenio Calabi ya nema, guda ɗaya ne tak a ajinsa, in ban da sauye-sauyen fasalin filin.

A 2000 Xiuxiong Chen ya tabbatar da samuwar jiyodesik mai rauni, wadda santsinta bai cika ba. Shekaru aka yi ana fatan ƙarasa sauran. Sai László Lempert da Liz Vivas suka kawo misalin da ya rushe hasashen, Tamás Darvas da Lempert kuma suka nuna a 2012 cewa ko ƙimar sauyi ta biyu tana iya tsinkewa. A 2017 Jianchun Chu da Valentino Tosatti da Ben Weinkove suka tabbatar da cewa wannan ƙima ta biyu, duk da tsinkewarta, ba ta wuce iyaka. Iyakar abin da za a samu ke nan a dunƙule.

Abin burgewa shi ne rushewar hasashen ba ta kashe manufarsa ba. Robert Berman da Bo Berndtsson sun nuna cewa makamashin Mabuchi yana riƙe lanƙwasarsa ko a kan jiyodesik mai rauni, suka kuma tabbatar da kaɗaitar da Donaldson ya hango; aikin ya fito a 2017. A filayen torik, masu yalwar daidaito, jiyodesik tsakanin ma'aunan da ke kiyaye wannan daidaito tana da cikakken santsi, domin sauyin Legendre, wata dabarar sake rubuta lissafi, yana mayar da ita miƙaƙƙen layi.