Me ya sa jiragen ruwa ke hawa da sauka a mashigin Panama?

An daɗe ana cewa tekun Fasifik ya fi na Atlantika tudu nesa ba kusa ba, wai shi ya sa aka sa ƙofofin tare ruwa a mashigin Panama, wato hanyar ruwan da aka haƙa tsakanin tekunan biyu, don kada ɗaya ya malale cikin ɗaya. Duk wanda ya ga hoton jirgi yana ɗagawa a tsakanin ƙofofin nan zai iya yarda da haka.

Amma bambancin tekunan biyu bai wuce kimanin santimita 20 ba. Ƙasar da ke tsakaninsu ce mai tudu. Faransawa sun fara haƙa a 1881 da niyyar yanka ta har zuwa daidai da teku, sai zaizayar ƙasa da zazzaɓin cizon sauro da cutar shawara suka durƙusar da aikin. Da Amurka ta karɓa, sai ta datse kogin Chagres, aka samu tafkin Gatun, mita 26 sama da teku. Ƙofofin suna ɗaga jirgi zuwa tafkin ne, ya ratsa, sannan su sauke shi a ɗaya ɓangaren. An buɗe mashigin a 1914. Ruwan daɗi na tafkin ake amfani da shi wajen cika tsakanin ƙofofin don jirgi ya ɗaga, shi ya sa ƙarancin ruwan sama ke rage yawan jiragen da ke wucewa.

Mashigin Suwez na Masar kuwa, da aka buɗe a 1869, ba shi da ƙofa ko ɗaya tsakanin Bahar Rum da Bahar Maliya, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce.

Ku buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a wayarku, ku bi mashigan biyu daga bakin teku zuwa bakin teku, za ku ga tafkin da ƙofofin da idonku. Don Allah a tura wa 'yan'uwa, musamman ɗalibai da malaman makaranta.