Wasan yaƙi na tebur

Wasan yaƙi na tebur wasa ne da mutum biyu ko fiye suke kwaikwayon karon runduna a kan tebur ko taswira, kowa yana jan dakarunsa bisa rubutattun ƙa'idoji. Dakarun kan kasance ƙananan mutum-mutumi na dalma ko roba, ko guntayen katako, ko yankakken kwali mai lambobi. Ana auna tafiyar runduna da tef irin na tela, a kuma jefa ƙwayar nan mai fuska shida da aka sani a ludo don a ga ko harbi ya samu ko ya kuskure. Abin da ya raba shi da dara da ces shi ne ƙoƙarin kamanta gaskiya: mahayi ya fi dakare sauri, wanda ya riga hawa tudu yana da rinjaye, rundunar da ta sha kashi kuma tana iya watsewa ko da mai ita bai so ba. Wasan ya faro ne a matsayin darasin hafsoshi a Jamus, daga baya fararen hula suka ɗauke shi, har ya yi suna wajen ƙulla zumunci tsakanin mutanen da ba dangin iya ba na baba.

## Asali

A 1780 wani malamin lissafi a garin Braunschweig, Johann Hellwig, ya faɗaɗa allon ces ya kai gida 1,617, ya shafa wa gidajen launuka masu nuna kogi da dutse da daji. Amma wanda ya fitar da wasan daga kan allo gaba ɗaya shi ne gidan Reisswitz na Purushiya, ɗaya daga masarautun Jamus na wancan zamani. Uban ya gabatar wa Sarki Friedrich Wilhelm na III nasa tsarin a 1812, ɗan kuma, wanda hafsan igwa ne, ya wallafa gyararrun ƙa'idoji a 1824. A tsarin ɗan, ana wasan ne a kan taswirar soja ta gaske, runduna ɗaya ja ɗaya shuɗiya, kowane zagaye yana daidai da minti 2 na fagen fama. Ya kuma shigo da alƙalin wasa: kwamandoji ba sa taɓa dakaru da hannunsu, sai dai su rubuta umarni su miƙa, alƙali ya motsa katakon, ya gaya wa kowa iya abin da idon mayaƙansa zai iya gani. An ruwaito cewa da babban hafsan hafsoshi, Janar von Müffling, ya kalli gwajin, sai ya ce wannan ya wuce wasa, horon yaƙi ne. Jamusawa na kiransa Kriegsspiel. Bayan Purushiya ta kayar da Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sojojin ƙasashe da dama suka kwaikwaye shi.

Shigarsa gidajen jama'a ta zo ne ta hannun marubucin nan ɗan Ingila, H. G. Wells, wanda ya fitar da littafin Little Wars a 1913. Shi da abokansa, manyan mutane da furfura, sukan durƙusa a daɓen ɗaki suna harbin sojojin dalma da wata 'yar igwar wasa mai sifirin. Wells mai ƙin yaƙi ne, hujjarsa kuwa ita ce duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi 'yan lokuta zai gane irin shirmen da ke cikin babban. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

## Rassa

Wasan ya rabu gida biyu. Na kwali da taswira ya bunƙasa a Amurka bayan Charles Roberts ya fitar da Tactics a 1954 ya kuma kafa kamfanin Avalon Hill a 1958. Na mutum-mutumi ya fi ƙarfi a Birtaniya, inda ake sayen dakaru masu tsawon milimita 28 ko 15 ko 6 ba fenti, mai su ya zauna da siririn buroshi ya yi musu ado ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan reshe ne kamfanin Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975, ya fitar da Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987, waɗanda suka bar tarihi suka koma duniyar dodanni da taurari.

## Yadda zumunci yake ƙulluwa

Dalilin zumuncin yana cikin wahalar wasan kansa. Mutum zai iya shafe wata 3 yana fentin runduna shi kaɗai, amma ranar da ya gama, ba ta da amfani sai ya samu wanda zai kara da shi. Wanda zai kara da shi ɗin kuma dole ya karanta ƙa'idoji iri ɗaya, ya iya zaman awa 3 ko 4, ya kuma zama mai gaskiya, domin a tebur marar alƙali kowa shi ke auna tafiyar dakarunsa. Mai ƙara rabin inci a ɓoye ba ya daɗewa kafin a daina gayyatarsa. Irin wannan abokin karawa ba a tsintarsa a kan hanya, saboda haka wanda ya samu nasa yakan riƙe shi gam.

Tarihin wasan a ƙarni na 20 kusan duk tarihin neman abokin karawa ne. A 1957 Jack Scruby, wani maƙerin sojojin dalma a Kalifoniya, ya fara buga 'yar mujalla mai suna War Game Digest, wadda masu karanta ta su ne masu rubuta ta: wannan ya aiko da labarin yaƙin da ya buga a teburin cin abincinsa, wancan ya aiko da gyaran ƙa'ida. A Southampton ta Ingila, Donald Featherstone, likitan gashin ƙashi wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a rundunar tankoki, ya haɗu da ɗan garinsu Tony Bath suka zama abokan karawa. Featherstone ya wallafa littafin War Games a 1962, ya kuma riƙe tasa mujallar daga wannan shekara har 1980. Bath kuwa ya kafa ƙungiyar masu buga yaƙe-yaƙen zamanin da a 1965, tana nan har yau. Mujallar The General ta kamfanin Avalon Hill, da ta fara fita a 1964, a zamaninta tana da shafi musamman inda mutum zai sa sunan garinsu ya ce yana neman wanda zai buga da shi.

Waɗanda nisa ya raba sai suka koma ga gidan waya. Tun daga 1963 ake buga wasan Diplomacy ta wasiƙa: mutum 7, kowa da ƙasarsa a taswirar Turai ta 1901, ana ƙulla yarjejeniya a asirce ana warwarewa. Wasa ɗaya kan ci shekara ko fiye. Shi wannan dai an fi saninsa da ɓata abota fiye da ƙulla ta, tunda da wuya a ci shi ba tare da an juya wa wani baya ba, kuma ba kowa ne ke iya bambanta cin amanar tebur da ta gaske ba.

Wasiƙa takan kai ga son ganin fuska, zumunta kuwa a ƙafa take. A 1968 wani mai wasan, Gary Gygax, ya kama hayar wani zaure a ƙaramin garin Lake Geneva a jihar Wisconsin, mutum kusan 100 suka hallara. Taron, mai suna Gen Con, yanzu a Indianapolis ake yinsa, mahalarta dubun-dubata. A irin waɗannan haɗuwa ne Gygax ya san Dave Arneson, su biyun suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke hawa matsayin jarumi guda a cikin labari, a 1974.

## A idon Bahaushen Jos

Mutumin Jos ba baƙo ba ne ga zaman wasa. Daga Gangare zuwa Unguwar Rogo, majalisar la'asar da wuya ta rasa draf ko ludo ko karta, dattawa kuma sun san dara: rami 30, layi 5 sau 6, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera 3 ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. Wanda ya taɓa zama a irin wannan majalisa ya san wasan rabin abin ne kawai. Idan mutum ya yi kwana 2 bai zo ba, za a aika a ji ko lafiya.

Akwai kuma wani abu a al'adar Hausa da ya fi kusa da ruhin wasan, wato wasan barkwanci tsakanin al'ummu: Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa. Da yawa daga irin wannan wasa ana danganta shi da tsohuwar gaba ko gasa da ta huce ta koma raha. Harshen ma bai raba su da nisa ba, tunda abokin gaba da abokin wasa duk aboki ake cewa.

Ƙarfen da Jamusawa suka daɗe suna zuba sojojin wasa da shi, kuza, shi ne ya kafa Jos. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai suna narka shi, daga farkon ƙarni na 20 kuma kamfanonin Ingila suka haƙe tsaunin suna kwashewa zuwa ƙasarsu. Mai son gina filin wasa irin na gida kuma yana da abin dubawa a harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda aka gina kwafin ganuwar Kano da na masallacin Zariya da ƙasa.

Tarihin ƙasar Hausa cike yake da abin da masu ƙa'idoji ke nema. A Tabkin Kwatto a 1804, 'yan baka na jama'ar Shehu Usmanu suka karya dawakin Gobir na Sarki Yunfa. Mai rubuta wa wannan ƙa'ida sai ya yanke shawara: lifidi yana tare kibiya har zuwa wane mataki, kuma nawa nauyinsa ke rage wa doki gudu? Tsaunin Filato ma darasi ne, domin duwatsunsa na cikin dalilan da suka sa dawakin masarautu ba su iya mallake yawancin al'ummunsa a ƙarni na 19 ba. Sai faɗuwar Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, da Burmi a ranar 27 ga Yuli na shekarar, inda Sarkin Musulmi Attahiru na I ya rasu. Sanannun ƙa'idojin yaƙin mulkin mallaka, irin su The Sword and the Flame na 1979, sun fi karkata ga Zulu da Sudan da iyakar Indiya, kuma galibi daga ɓangaren mai bindiga mai ruwa ake kallon fagen. Jikan wanda aka harba ba lallai ne ya jera dakarun haka ba.

Wani wuri na kusa da harkar wasannin tebur na zamani ta kafu shi ne Abuja, tafiyar 'yan awanni daga Jos. A can kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu ya fara shirya taron wasannin tebur na Afirka a 2016, ya kuma samu lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake bayarwa a fagen wasannin tebur, a 2021. Taron na wasannin allo da kati ne gaba ɗaya, ba na yaƙi kaɗai ba.

## Suka da taka-tsantsan

Su kansu masu wasan suna jayayya kan wane yaƙi ya dace a ɗora a tebur. Wasu ba sa taɓa duk wanda har yanzu akwai masu kukansa a raye. A Jos, garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, wannan magana ba ta buƙatar dogon bayani.

Ga Musulmi akwai ƙarin tambayoyi biyu. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim yana tsawatarwa kan wasan nardu, wanda ake yi da ƙwayar jefawa, malamai kuma sun yi saɓani kan ces, inda Imamu Malik ya nuna ƙinsa. Ta biyun ita ce hukuncin surar mai rai. Wasan yaƙi a al'adarsa ba a zuba kuɗi a kansa, kuma ba kowane tsari ne ke buƙatar mutum-mutumi ba: na 1824 da guntaye marasa fuska aka yi shi, a 1876 kuma Janar Verdy du Vernois ya fitar da salon da ya ajiye ƙwayar jefawa da teburan lissafi, ya bar hukunci a hannun gogaggen alƙali.