Aku mai jar wutsiya

Aku mai jar wutsiya, wanda masana kimiyya ke kira Psittacus erithacus, tsuntsu ne na kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga Kodebuwa da Gana, ta kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, har zuwa yammacin Kenya. Jikinsa ruwan toka ne, baki baƙi, wutsiya ja wur. Tsawonsa kimanin santimita 33, nauyinsa kusan giram 400. Ba ya rayuwa a dajin ƙasar Hausa. Wanda ake gani cikin keji a arewa daga kurmi aka kawo shi.

Abincinsa 'ya'yan itatuwa ne, musamman kwakwar manja. A kogon manyan bishiyoyi yake sheƙa. Macen takan saka ƙwai uku zuwa biyar, ta kwanta a kansu kamar kwana 30, 'ya'yan kuma sai sun yi wajen mako 12 kafin su tashi. Tsuntsun da ke hayayyafa a hankali haka ba ya saurin mayar da gurbin abin da aka kwashe.

Bakinsa ne ya jawo masa. Da wuya a samu tsuntsun da ya kai shi kwaikwayon maganar mutum, shi ya sa kasuwarsa ta yi ƙarfi a Turai da Asiya da ƙasashen Larabawa. Maharba kan shafa danƙo a rassan da garken ke sauka, ko su ɗana raga a filayen da suke taruwa, irin na gandun dajin Lobeke a Kamaru. Da yawa kan mutu a hanya saboda cunkoso da ƙishirwa, abin tausayi ga halittar da kan kai shekara 40 zuwa 60 idan ta samu kulawa. Daga 1975 an fitar da fiye da miliyan ɗaya bisa doka, ban da na fasa-ƙwauri. Ga kuma saran manyan bishiyoyin da yake sheƙa a ciki. A Gana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari sun ɓace tun daga 1992.

A 2016 ƙungiyar IUCN, mai fafutukar kare halittu a duniya, ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. A shekarar ce kuma taron yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, da aka yi a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, ya haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Fasa-ƙwauri bai tsaya ba. A Kamaru, cibiyar kula da namun daji ta Limbe tana karɓar waɗanda aka ƙwace, ta yi jinyarsu har gashin fikafikansu ya sake tsirowa, sannan a sake su cikin kurmi.