Ɗan sandan da bincike ya cinye

Ɗan sandan da bincike ya cinye wani nau'in jarumi ne a littattafai da finafinan kisan kai da ake kira nuwar, sunan da mai sharhi ɗan Faransa Nino Frank ya laƙaba wa wasu finafinan Amurka a 1946. Mai bincike ne, na gwamnati ko mai zaman kansa, da aka damƙa wa maganar kisa guda, ya kasa sakinta har ta raba shi da barci da iyali, wani lokaci da aikinsa.

Salon ya tsiro ne a mujallu masu araha irin su Black Mask da aka kafa a 1920, zamanin haramcin giya a Amurka, lokacin da manyan 'yan daba ke sayen 'yan sanda da alƙalai. Dashiell Hammett ya yi aikin bincike a kamfanin Pinkerton kafin ya kama alƙalami, shi ya sa jarumansa ke bin lungu-lungu da ƙafa. Birnin ma da hannunsa a cikin laifin: duk ƙofar da aka ƙwanƙwasa, akwai babban mutum a bayanta.

A fim ɗin Laura na 1944, ɗan sandan yana kwana a ɗakin matar da ake zaton an kashe, yana karanta wasiƙunta, ya ƙura wa hotonta ido har sonta ya kama shi. Na gaske ya fi ciwo. A Janairun 1947 aka tsinci gawar Elizabeth Short a Los Angeles, har yau ba a gano makashinta ba. James Ellroy, wanda aka kashe mahaifiyarsa a 1958 yana ɗan shekara 10, ya gina littafinsa na 1987 a kan kisan Elizabeth Short, 'yan sanda biyu suna lalacewa a kanta.

A Damagaram mai kallo kan yi mamakin irin wannan mutum. A Birni ko Zango ana rufe mamaci da wuri, masu zaman makoki na cewa a yi haƙuri, a bar wa Allah. Jarumin nuwar ba shi da mai ce masa haka, kuma nan ne labarin ya fi ban tausayi. Amma duk uwar da ta yi ta sintiri komisariya tana tambayar wa ya kashe ɗanta ta san abin da ke cinsa.