Kati biyu, jiki ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan haɗe Medicare da Medicaid a Amurka

A Amurka akwai mutum kusan miliyan 12 da gwamnati ta ba inshorar lafiya har iri biyu a lokaci guda, wato Medicare da Medicaid. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce ai waɗannan sun more. Sai dai yawancinsu tsofaffi ne da naƙasassu marasa ƙarfi, kuma abin da da yawa daga cikinsu ke fama da shi, shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa: kati biyu a aljihu, amma babu wanda ya ɗauki nauyin lafiyarsu gaba ɗaya. Shekara da shekaru ke nan ana neman yadda za a ɗinke wannan ɓaraka.

Mene ne Medicare, mene ne kuma Medicaid?

Rana ɗaya aka haife su. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokar da ta kafa su ranar 30 ga Yulin 1965, a garin Independence na jihar Misuri, tsohon shugaba Harry Truman yana zaune a gefensa, kuma shi aka miƙa wa katin Medicare na farko.

Medicare na gwamnatin tarayya ne, ƙa'idarsa ɗaya ce ko'ina a ƙasar. An yi shi domin wanda ya kai shekara 65, daga baya a 1972 aka shigar da naƙasassu da masu ciwon ƙoda da ya kai ga wanki. Shi ke biyan kwanciya asibiti da ganin likita, tun 2006 kuma har da magani. Medicaid kuwa na masu ƙaramin ƙarfi ne. Tarayya da jiha ke haɗa kuɗinsa, amma jiha ke tafiyar da shi, shi ya sa abin da ake samu a Kalifoniya daban yake da na Tekzas.

Yaya mutum ɗaya zai samu duka biyun?

Tsufa ko naƙasa su ba shi Medicare, talauci ya ba shi Medicaid. Wasu cikakken Medicaid suke samu, wasu kuwa iyakar abin da yake yi musu shi ne biyan kuɗin da Medicare ke cira, kamar kuɗin wata na ɓangaren ganin likita, wanda a 2025 ya kai dala 185. Ga mai rayuwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wannan kuɗin cefane ne.

Su ne kusan ɗaya cikin biyar na masu Medicare, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin Medicare a kansu yake tafiya. Ba don suna ɓarna ba. Su ne masu ciwo uku, huɗu a jiki ɗaya: suga, hawan jini, ciwon zuciya, gigin tsufa, taɓin hankali. Kuma ba duka ne tsofaffi ba, akwai matasa da magidanta masu naƙasa da yawa a ciki.

To idan kowanne yana biyan nasa, ina matsalar take?

A nan gizo ke saƙar. An raba aikin ne bisa jakar kuɗi, alhali ciwo bai san wannan rabon ba. Medicare ya ɗauki asibiti da likita da magani. Medicaid ya ɗauki jinya mai tsawo: mai zuwa gida ta yi wa tsohuwa wanka, ta dafa mata abinci, ta taimaka mata zuwa banɗaki, da zaman gidan jinyar tsofaffi, da motar kai mutum asibiti. Medicare ba ya biyan irin wannan jinya ta yau da gobe. Abin da yake biya shi ne zaman farfaɗowa da bai wuce kwana 100 ba, shi ma bisa asalin ƙa'ida sai mutum ya kwana uku a asibiti tukuna.

A ɗauka wata dattijuwa ce mai shekara 78, ɓarin jikinta ya shanye, an sallamo ta daga asibiti ranar Juma'a da yamma. 'Yarta ta zube takardu a kan teburin cin abinci: katin Medicare mai launin ja da fari da shuɗi, katin Medicaid na jiha, katin kamfanin magani, da ambulan guda bakwai da ba a buɗe ba. Likitan asibiti ya canza maganin hawan jini, amma likitanta na unguwa bai sani ba, kantin magani kuma har yanzu tsohon yake bayarwa, sai ga kwalabe biyu a kan teburi, babu wanda ya ce a daina ɗaya. Mai zuwa gida ta yi mata hidima ba za ta fara ba sai jiha ta aiko an duba, wannan kuwa yana iya ɗaukar makonni. Keken guragu duka shirye-shiryen biyu suna iya biya, amma Medicaid ba ya taɓa aljihunsa sai Medicare ya biya ko ya ƙi, shi kuma mai sayar da keken ba zai kawo ba sai ya san wanda zai biya shi. Daren Talata tsohuwa ta yunƙura za ta banɗaki ita kaɗai, ta faɗi. Motar asibiti ta zo, aka koma inda aka fito.

Babu mugu ko ɗaya a wannan labari, kowa ya bi ƙa'idarsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda tsarin kuɗin kansa yake hana gyara. Idan jiha ta kashe kuɗin Medicaid ta sa ƙarfen dafawa a banɗaki, ta ƙara sa'o'in mai hidima, tsohuwa ba ta faɗi ba, kuɗin asibitin da aka tsirar na Medicare ne, jiha ba za ta ga ko sisi ba. Haka ma gidan jinyar tsofaffi: mazaunin da Medicaid ke biya wa, idan ya kwana uku a asibiti ya dawo, na ɗan lokaci Medicare ne zai riƙa biya, kuma farashinsa ya fi tsoka. Ka ga ke nan babu abin da zai sa gidan ya dage wajen yi masa magani a ɗakinsa.

Me ake nufi da haɗe kulawar?

A tara kuɗin biyu a hannu ɗaya, a ɗora wa mai hannun alhakin mutum tun daga maganinsa har wankansa. A aikace, kati ɗaya ne, lambar waya ɗaya, hanya ɗaya ta ɗaukaka ƙara idan an hana mutum wani abu, da jami'i guda da ya san majiyyaci da sunansa, wanda ke bin sawu daga asibiti zuwa gida. Idan jaka ɗaya ce ke biyan ƙarfen banɗaki da kuma karayar ƙugu, mai jakar zai gwammace ya sayi ƙarfen.

An taɓa yin haka ya yi kyau?

An yi, kuma ba daga ofishin gwamnati abin ya taso ba. A 1971, a unguwar 'yan Sin ta San Faransisko, wani likitan haƙori mai suna William Gee da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Marie-Louise Ansak, suka ga tsofaffin baƙin haure, 'yan Sin da Filifin da Italiya, ba sa son a kai su gidan jinya inda ba a jin yarensu, ba a kuma dafa abincinsu. Suka kafa wata cibiya mai suna On Lok, wato gidan kwanciyar hankali da farin ciki a yaren Kanton. Daga nan aka samu shirin da ake kira PACE, wanda dokar 1997 ta mayar da shi na dindindin.

Sharaɗin shiga shi ne mutum ya kai shekara 55, jiha ta tabbatar rauninsa ya kai na zaman gidan jinya, amma zai iya zama gida idan an tallafa masa. Da safe motar cibiya ta zo ƙofar gida ta ɗauke shi. A can zai ga likita, a yi masa gashin ƙashi, a duba ƙafarsa saboda suga, ya ci abincin rana da tsaransa, da yamma a mayar da shi. Medicare da Medicaid kowanne yana ba cibiyar ƙayyadadden kuɗi duk wata, ita kuma komai ya same shi a wuyanta yake.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne, cikin mutanen da ƙa'ida ta ce dole su zauna a tattauna lamarin majiyyaci, tare da likita da nas da mai tsara abinci, har da direba. Dalilin a fili yake. Direba ne ke ganin tsoho a bakin ƙofarsa. Shi zai lura yau numfashinsa ya yi nauyi wajen hawa mota, ko rigar jiya ce a jikinsa, ko gidan ya yi sanyi ƙalau babu ɗumi. Maganar da ya faɗa da safe tana iya hana kwanciya asibiti da dare. Fiye da tara cikin goma na masu PACE a gidajensu suke zaune.

Sai dai shirin ƙarami ne. Masu cin moriyarsa ba su kai dubu ɗari ba, ba kowace jiha ke da shi ba, kuma sau da yawa wanda ya shiga sai ya rabu da likitansa na da ya koma na cibiya.

Sauran miliyoyin fa?

Mafi yawan waɗanda ke cikin wani tsari na musamman suna ƙarƙashin abin da ake kira D-SNP. Inshora ce ta kamfanoni masu zaman kansu a cikin Medicare, wadda aka keɓe wa masu kati biyu. Dokar 2003 ce ta buɗe ƙofarta, ta 2018 ta tabbatar da ita. Amma sunan ɗaya ne, zurfin haɗin ya bambanta. Akwai wanda kamfani ɗaya ke riƙe da Medicare da Medicaid na mutum har da jinya mai tsawo, kamar yadda Minesota ke yi wa tsofaffinta tun 1997. Akwai kuma wanda iyakarsa sanar da jiha cewa an kwantar da wane. Wannan na biyun bai raba tsohuwarmu da ambulan bakwai ba.

Gwamnatin tarayya ba ta gwada da kanta ba?

Ta gwada. Dokar lafiya ta 2010, ta zamanin Obama, ta kafa ofishi na musamman domin daidaita shirye-shiryen biyu, daga 2013 kuma aka fara gwaji da jihohi 13. Masachusets ta fara da naƙasassu 'yan shekara 21 zuwa 64, Kalifoniya ta biyo a 2014. Sakamakon ya zo a gauraye. Da yawa daga waɗanda suka zauna a ciki sun ce sun ji daɗin samun jami'in da ke kula da su. Jihar Washinton, wadda ta zuba ƙarfinta kan mafi rauni, ta rage wa Medicare kashe kuɗi. A yawancin sauran kuwa ba a ga rarar da aka yi fata ba.

Babban darasin daga wajen mutane ya fito. A jihohi da dama an riƙa shigar da su kai tsaye, wanda ba ya so ya fita da kansa. Dubbai suka fice, musamman da suka gano likitan da suka saba da shi shekara goma ba ya cikin sabon tsarin. A Niyok masu shiga sun yi ƙaranci har aka rufe babban gwajin a 2019. Ban ga laifinsu ba. Mai ciwo huɗu da ya samu likitan da ke sauraronsa ya samu dukiya, ba zai sake ta don wasiƙar da ta ce an yi masa gata ba. Daga baya gwamnati ta tsai da shawarar kammala gwajin zuwa ƙarshen 2025, a mayar da mutanen cikin D-SNP masu cikakken haɗi.

Ba kamfanoni ne za su ci riba da marasa ƙarfi ba?

Tsoron yana da tushe. Wanda aka ba ƙayyadadden kuɗi yana da hanya biyu ta samun rara: ya kula da mutum kada ya kwanta, ko ya riƙa hana shi abin da yake buƙata. Daga waje su biyun kamarsu ɗaya a takardar lissafi. An ma samu kamfanonin da suka ƙirƙiro inshora mai kama da D-SNP, suna farautar masu kati biyu da alkawarin katin cefane da gyaran haƙori, ba tare da sun ƙulla wata yarjejeniya da jiha ba, har sai da hukumar da ke kula da Medicare ta taka musu birki. Ni a ganina haɗe kuɗi ba tare da sa ido ba, da hanyar ƙara mai sauƙi, da 'yancin fita, canza wa majiyyaci mai hana shi kawai aka yi.

Wannan ya shafi iyayenmu da ke zaune a can?

Ya shafe su ƙwarai. Hausawan da ke Bronx, wani yanki na birnin Niyok, da sauran birane, waɗanda suka tsufa a can ko suka ɗauko iyayensu, suna iya faɗawa wannan rukuni. Wanda ya yi aiki yana biyan haraji na kimanin shekara 10, ko mijinta ko matarsa suka yi, yana samun ɓangaren asibiti na Medicare ba tare da kuɗin wata ba. Mai katin zama na dindindin kuwa, a bisa dokar 1996, yawanci sai ya shekara biyar kafin ya samu Medicaid mai kuɗin tarayya, ko da yake wasu jihohi suna cike giɓin da kuɗinsu.

Abu biyu ne suka fi kama mutanenmu. Na farko tafiya gida. Medicare ba ya biyan jinyar da aka yi a Kano ko Kumasi ko Yamai, kuma tallafin SSI na marasa ƙarfi yana tsayawa idan mutum ya yi kwana 30 a jere a wajen ƙasar, a jihohi da yawa kuwa da shi Medicaid ke rataye. Na biyu wasiƙar sabuntawa. Medicaid ana sabunta shi duk shekara, idan takardar ta zo Baba yana gida hutu ba a amsa ba, sai a yanke, shi kuma D-SNP ba zai riƙe shi fiye da wata shida ba.

Kafin a sa hannu a wani tsari, me ya kamata iyali su tambaya?

Su fara da likitoci: a kira ofishin kowanne a ji ko yana karɓar wannan tsari, kada a tsaya ga maganar dillali. A jera magunguna a duba ko duk suna ciki. A tambaya ƙarara ko kamfani ɗaya ne zai riƙe Medicare da Medicaid, ko mai hidimar da Hajiya ta saba da ita za ta ci gaba da zuwa, da kuma sunan jami'in da za a kira idan an sallamo ta ranar Juma'a da yamma. Wanda ke cikin rukunin da ake kira QMB, wato masu ƙaramin ƙarfin da Medicaid ke biya wa kuɗin da Medicare ke cira, ya sani doka ta hana likita ko asibiti su caje shi ragowar kuɗin Medicare, don haka idan takardar bashi ta zo kada a yi saurin biya. Kowace jiha tana da ofishin SHIP mai ba da shawara kyauta, ba ya sayar da inshorar kowa, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba yana da haƙƙin ya nemi tafinta ba tare da ya biya ba.